Taswira Da Wayar Hannu: Yadda Aka Gano Ƙauyukan Da Hukumar Lafiya Ba Ta San Da Su Ba

Duk ɗan kasuwar da ya san sana'arsa ba ya tashi zuwa saro kaya sai ya duba littafinsa, ya ga abin da ya ƙare a rumfa da abin da masu saye ke yawan tambaya. To, haka sha'anin kiwon lafiyar jama'a yake. Kafin hukuma ta gina ɗakin shan magani, ko ta tura ungozoma, ko ta aika da maganin zazzaɓi, wajibi ne ta san mutum nawa ne a wurin, ina suke zaune, kuma wace cuta ce ta fi damunsu. A nan kuwa aka daɗe ana tuntuɓe, domin rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun shekarar 2006, kuma daga nan zuwa yau da ƙiyasi ake aiki.

Babu inda wannan rauni ya fito fili kamar a yaƙin da aka yi da cutar shan-inna. A shekarar 2012 cutar ta kama yara 122 a Nijeriya, watau fiye da rabin waɗanda ta kama a duniya baki ɗaya a wannan shekara, kuma a jihohin Arewa abin ya fi tsanani. Ga shi kuwa ma'aikata suna fita gida gida, suna komowa da rahoton sun gama zagaye. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar taswirar da suke bi da hannu ake zana ta, gwargwadon abin da mai zanen ya tuna. Ƙauyen da ya faɗo a kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare sai ya ɗauka na maƙwabcinsa ne, a bar shi babu mai zuwa. Rugage da ƙananan tungaye kuwa, da yawansu ko sunansu babu a takarda.

Aikin Tauraron Ɗan'adam

Maganin da aka samo shi ne hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauko daga sama, waɗanda ke nuna kowane rufin ɗaki da kowace hanya. Da taimakon Gidauniyar Bill da Melinda Gates, da ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano, aka bi waɗannan hotuna aka fitar da matsugunan jama'a na jihohin da cutar ta fi yawa. Daga nan aka tura mutane da ƙafa, su sadu da dagatai da masu unguwanni, su tabbatar da sunan kowane wuri, domin hoto ba ya faɗin suna.

Bayan wannan sai aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayar hannu, wadda ke rubuta inda suke bayan kowane minti biyu. Da maraice a zuba bayanin cikin kwamfuta, sai sawun ayarin ya fito a kan taswira. Unguwar da ba a shiga ba kowa zai gan ta fili, washegari a mayar da ma'aikata can. A Borno ma, inda rikici ya hana shiga waɗansu yankuna, da irin waɗannan hotuna aka riƙa gane ƙauyukan da har yanzu akwai mutane a ciki da waɗanda suka zama kufai.

Yawan yaran da cutar ta kama ya sauko zuwa 53 a 2013, sa'an nan 6 a 2014. Na ƙarshe su ne yara 4 da aka samu a Borno a 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna. Akwai dai wani nau'in da har yanzu ke ɓulla a wuraren da rigakafi bai wadata ba, saboda haka aiki bai ƙare ba.

Lalle na'ura ta nuna ƙofar gida, amma masu faɗa a ji ne suka sa aka buɗe ta. Mai karatu zai tuna yadda aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 saboda shakkar da jama'a suka shiga, ba a komo ba sai a 2004. Kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009, a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, shi da malamai, su ne suka kwantar wa magidanta hankali.

Nauyin Da Ke Kanmu

Wannan taswira ba ta shan-inna kaɗai ba ce. Da ita za a iya sanin ƙauyen da mai naƙuda za ta yi tafiyar rabin yini kafin ta ga ungozoma, da inda ya kamata a kai gidan sauro. Haka kuma rahoton wata-wata na asibitoci yanzu ana shigar da shi cikin wani tsarin kwamfuta mai suna DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro, yadda Ma'aikatar Lafiya za ta ga halin da kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 take ciki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma mai tsara rabon kuɗi da magani abin da ke rubuce yake dubawa.

Illar rashin samun labari da wuri kuwa mun gan ta a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma da yawansu an riga an binne su kafin labari ya kai ga hukuma.

Saboda haka kira na farko ga ma'aikacin gwamnati ne. Kwamfuta abin da aka ba ta shi take mayarwa. Wanda ya zauna a gindin bishiya ya cika takarda da adadin ƙarya, ya hana wani ƙauye rabonsa na magani. Kuma sirrin gidajen mutane da ya shiga wayarsa amana ce, bai halatta ya zama abin hira ba.

Kira na biyu ga maigida ne. In masu bincike suka yi sallama, a karɓe su, a bar mata 'yan'uwansu su shiga ciki, a faɗi gaskiyar yawan yara, da wanda ke kwance, da wanda ya rasu. Shugabannin kasuwa kuma, da yake suna cuɗanya da mutanen ƙauye da na ruga kowace ranar kasuwa, su tambayi kwamitin raya mazaɓarsu ko waɗannan wurare sun shiga taswira. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.