Ƙaguwar Java da kasuwa ta riga masana sani

Masu kiwon kifin ado a Turai sun shafe shekaru suna sayen wata 'yar ƙaguwa mai launin shunayya da idanu ruwan ɗorawa, alhali babu littafin kimiyyar da ya san da zamanta. Dillalai sun raɗa mata suna "mai shan jini" saboda ƙyallin idanun nata, ko da yake abincinta ƙananan ƙwari ne da ruɓaɓɓun ganyaye. Inda ake kamo ta kuwa, sun ja bakinsu sun yi shiru, domin kada wani ya shiga musu kasuwa.

Wani Bajamushe mai suna Christian Lukhaup ne ya yi ta bin sawu har ya kai ga tsibirin Java na ƙasar Indonesiya. A shekarar 2015 shi da Peter Ng na Jami'ar Ƙasa ta Singapore da Christoph Schubart na Jami'ar Regensburg suka bayyana nau'i biyu: Geosesarma dennerle mai shunayya da farin tabo a gadon baya, da Geosesarma hagen mai ja. Faɗin bayan kowace bai wuce babban ɗan yatsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin wannan ƙaguwa take haihuwa. Yawancin ƙaguwa a teku suke zuba dubban 'ya'ya, igiyar ruwa ta watsa su nesa. Wannan ta daɗe da rabuwa da teku. Ƙwai kaɗan take yi, manya, ta riƙe su ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe da cikakkiyar siffar ƙaguwa, sannan su maƙale a jikinta na ɗan lokaci. Saboda haka zuriyar ba ta yin nisa. Inda aka haifi uwa, nan jikoki ke zama, cikin laimar gefen rafi. Nau'i guda yana iya taƙaita a kwari ɗaya tak. Idan mafarauta suka kwashe na wurin, ko aka sare dajin aka yi gona, babu inda wasu za su fito su maye gurbi. Java kuwa ya fi kowane tsibiri a duniya yawan jama'a, mutum sama da miliyan 140.

Tana hayayyafa a akwatin gilashi idan ta samu laima da ɗumi, don haka ban ga hujjar ci gaba da kwaso ta daga daji ba. Mai saye ya kamata ya tambayi dillali ko haihuwar gida ce kafin ya zaro kuɗi.