Ɗaki mai tsabta da miyar sure: abin da baƙon Kabi ke nema

Duk lokacin da aka tayar da maganar yawon buɗe ido a Jihar Kebbi, abin da ke fara fitowa daga bakin mahukunta shi ne gina katafaren otal. Ni kuwa a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Masu halin kwana a irin wannan wuri ba su da yawa, kuma idan sun zo ba sa daɗewa. Baƙon da ke yin mako biyu ko uku, ya shiga kasuwa, ya hau kabu-kabu, ya bar ɗan abin da ke aljihunsa a hannun talaka, shi ne ɗalibi da mai bincike da ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Bukatarsa ba ta wuce ɗaki mai tsabta da ruwa a makewayi da gidan sauro da ƙofar da ke kulluwa ba, sai kuma abincin da zai riƙa tunawa.

Mu ba mu da teku, amma akwai darasi a wurin masu ita. A Gambiya, Turawa kan cika otal-otal na bakin teku a Kololi da Kotu a lokacin hunturunsu. Da yawansu tun a ƙasarsu suke biyan kuɗin jirgi da ɗaki da abinci a dunƙule, saboda haka sai mutum ya yi mako guda bai sayi ko ƙullin gyaɗa a wajen katangar otal ba. Abin ya damu gwamnatin ƙasar har ta hana wannan tsari a 1999, kodayake hanin bai daɗe ba. Da kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumban 2019, sai aka ga irin hatsarin da ke tattare da jingina tattalin arziki a kan 'yan manyan otal. Ƙananan masaukai da masu sayar da abinci a bakin hanya su ne ke sa kuɗin baƙo ya kwana a gari.

Bakin ruwanmu shi ne Matan Fada a Argungu da kuma Neja a Yawuri. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Amma bayan na 2009, sai da aka kai 2020 kafin a sake yinsa. Masaukin da ya dogara ga bikin 'yan kwanaki, wanda shi ma ba kowace shekara ake yi ba, ƙarshensa ya zama gidan jemagu. Ga kuma matsalar tsaro, wadda babu mai hankalin da zai raina. Don haka dole a nemi baƙon da ke zuwa a duk tsawon shekara.

Irin wannan baƙon ba yau ya fara zuwa ƙasar Gwandu ba. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu. Sarki Halilu bai yarda sun gana ba. Duk da haka a nan ya samu kwafin Tarikh al-Sudan ya zauna yana kwafar sassansa, kuma da ya zo rubuta labarin garin bai manta da yabon albasarsa da ayabarsa ba. Mai karatu ya lura: fada ta rufe masa ƙofa, amma littafi da lambu sun sa ya ambaci garin da alheri. Albasar nan har yau ita ce tutar Aliero da kewaye.

Shekarun baya na raka wata Baturiya mai nazarin karin harshen Kabi zuwa garuruwanmu. A otal ɗin da ta sauka a birni, takardar abinci ba ta ƙunshi komai ba sai soyayyen dankalin Turawa da soyayyiyar shinkafa da kaza, wato abin da ta baro a gida, kuma wanda can aka fi iya shi. Da ta tambayi tuwo, sai ma'aikacin ya yi dariya, a zatonsa ba'a take yi. A Dalijan aka kawo mata tuwon shinkafa da miyar sure da bandar kifi, da safe kuma masa. Tun daga ranar, ko ina muka je abin da take tambaya ke nan. Har ta daina cewa fura, sai hura, shinkafa kuma ta koma shinkahwa a bakinta. Kalmomin da ta fi saurin riƙewa su ne waɗanda ta koya a gaban akushi.

A matsayina na ɗalibin harshe, dariyar ma'aikacin nan ce ta fi tsaya mini a rai. Kalmar otal aro ce, kuma da alama mun aro ta tare da tunanin cewa abin da ke cikinsa dole ya zama na waje. Alhali Hausa tana da masauki da mai masauki da zango, tana kuma da fatoma, wato mutumin da ke saukar da fatake, ya ciyar da su, ya adana kayansu, ya haɗa su da masu saye. A kan wannan tsari cinikin goro da na shanu suka tsaya har Kurmi, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a bincikensa kan Sabon Ibadan wanda aka buga a 1969. Sana'ar saukar baƙi a kan kuɗi kaɗan tamu ce tun kaka da kakanni. Mu ne dai muka ɗauke ta ƙauyanci.

To, ina baƙin suke? Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo, kuma jami'a ba ta rabuwa da malamai masu ziyara da masu duba jarrabawa da iyayen ɗalibai. Gwandu na karɓar masu ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ga dillalan shinkafa da albasa. Mafi yawansu da yamma sai su koma Birnin Kebbi ko Sakkwato su kwana, kuɗin ɗaki da na abincin dare su bi su.

Abin da nake roƙon ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo bai kai kuɗin harsashin ginin otal guda ba. A yi wa masu ɗakuna huɗu ko shida rajista ba tare da an tsauwala musu haraji ba. Duba-gari su riƙa leƙa rijiya da makewayi da madafi. A haɗa kowane masauki da matan unguwa biyu ko uku da aka san hannunsu a girki, a biya su a kan kwano, a kuma rubuta farashi a bango da Hausa da Ingilishi don kada a yi wa baƙo tsada saboda fatarsa ko lambar motarsa. Sashen harsuna na kowace jami'armu zai iya fassara sunayen abincin cikin yini guda, kuma ni a shirye nake in fara da na Dalijan.