Dauɗar Albarushi: Abin Da Ke Fasa Bindigar Maharbi

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Sallah a Kano ko Katsina ya san ƙarar bindigogin Sarki da farin hayaƙin da ke turnuƙe fili. Irin wannan bindiga ta toka, wadda ake ɗurawa ta baki, har yanzu tana hannun maharba da 'yan banga a ƙauyukan Abuja, kamar yankin Kurudu da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi. Amma kaɗan ne suka san cewa babban abokin gabanta yana cikin bututunta.

Ana haɗa albarushi ne da abubuwa uku: gishirin fotasiyam naitiret wajen kashi 75 cikin 100, gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. Idan ya kama, fiye da rabinsa ba ya zama iska. Wani ya fita cikin hayaƙi, sauran kuwa ya manne a jikin bututu kamar kunkunniya. Kowane harbi yana ƙara kaurin wannan dauɗa, har ramin ya ƙuntata, harsashi ya ƙi sauka. To, idan harsashi ya tsaya a tsakiya bai zauna bisa albarushi ba, aka kuwa ja kunama, bututun yana iya kumbura ko ya tsage a hannun mai shi.

Haɗari na biyu shi ne garwashi. Dauɗar takan ɓoye ɗan tartsatsi bayan harbi. Mai gaggawa ya zuba sabon albarushi, sai wuta ta tashi a fuskarsa.

Turawa, waɗanda suka daina yaƙi da irin wannan albarushi bayan Paul Vieille na Faransa ya ƙago marar hayaƙi a 1884, sun mai da tsohuwar bindigar abin gasa. A Amurka akwai ƙungiyar masu harbi da ita tun 1933, mai hedkwata a garin Friendship na Jihar Indiyana, kuma an kafa kwamitin duniya na wannan wasa a 1971. A yawancin gasanninsa, mutum yakan yi harbi 13 cikin minti 30, a lissafa masa 10 mafi kyau. Saboda haka ɗan gasa yakan zura tsumma mai ɗan danshi ya goge bututu tsakanin harbi da harbi, ya bi da busasshe, domin kowane harsashi ya tarar da rami iri ɗaya. Ba ya zuba albarushi kai tsaye daga gora. Sai ya auna a ƙaramin mudu tukuna.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu iska ta bushe, dauɗar takan ƙeƙashe ta yi tauri. Da damina kuwa takan jawo danshi, ta haifar da tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu, tsatsar ta yi ta cin ƙarfe ta ciki ba a gani.

Maganin ba shi da tsada. Ruwa yana narkar da wannan dauɗa, watau a wanke bututu da ruwan ɗumi a ranar da aka yi harbi, a busar da shi sarai, sa'an nan a shafa mai. Kitse ko man kaɗe sun fi baƙin man mota, domin shi idan ya ƙone tare da albarushi yakan zama kamar kwalta.

Tun da Hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024, ya kamata masu riƙe da bindigoginsa su ma su samu kulawa. Muna kira ga sarakuna da Sarakunan Baka da su sa a riƙa duba bindigogi kafin kowane biki ko farauta, a kuma koya wa samari wanki kafin a koya musu harbi. Rigakafi dai ya fi magani.