Lasifikar Majigin Gida: A Duba Bayan Akwati Kafin A Miƙa Kuɗi

A garin Bahindi da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo, wadda kogin Kwara ya ratsa ta tsakiyarta, an san lokacin da kuɗi kan shigo hannun jama'a. Manomi yakan sami sararin aljihu bayan ya kai shinkafa kasuwa, malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma kuwa sai ranar da adashi ya zagayo kansu. A irin wannan lokaci ne magidanci, ko saurayi mai shirin aure, yakan tuna cewa talabijin ɗin da ke falonsa ba ta da murya, sai ya ƙudura sayen abin nan da ake kira hom tiyata, watau akwatin sauti mai 'ya'yan lasifika biyar da babbar wufa guda. Tun watan Yuli na 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000, saboda haka wanda ya zuba kuɗin adashinsa a kan akwatin banza zai daɗe bai sake tara irinsu ba.

Dattawan da suka ga zamanin majigi za su tuna motar Ma'aikatar Watsa Labarai da kan zo ta kafa farin ƙyalle a dandali, da lasifika ɗaya tak, kuma gari guda ya ji abin da ake faɗa. Dabarar kewaye mai kallo da sauti daga gidajen silima na Amurka ta fito. Kamfanin Disney ya fara gwada ta a fim ɗin Fantasia cikin 1940, amma tsada ta hana ta yaɗuwa. Kamfanin Dolby, wanda Ray Dolby ya kafa a London a 1965, shi ne ya sauƙaƙa ta, har ta shiga gidajen mutane a 1982. Tsarin da ake rubutawa 5.1 ya bayyana a silima da sunan Dolby Digital a 1992, faifan DVD kuma ya kai shi ɗakuna daga ƙarshen shekarun 1990. Ma'anar lambar ita ce hanyoyin sauti biyar dabam-dabam, hagu da dama da tsakiya a gaba, biyu a gefen mai kallo ta baya, sa'an nan ɗaya ta rugugi wadda wufa ke ɗauka.

Sai dai waɗannan hanyoyi shida tun a ɗakin haɗa fim ake raba su. Lasifika ba ta ƙirƙiro su. Idan abin da ake kallo da hanya biyu aka naɗe shi, ko an jera lasifika goma a ɗaki, hanya biyun nan ce za ta fito. To, me ake kallo a Bahindi? Finafinan Hausa, waɗanda aka fara da Turmin Danya a Kano cikin 1990, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da finafinan Indiya da aka fassara, da ƙwallon ƙafa, da labarai, da wa'azi da karatun Alƙur'ani da aka tura a memori. Mafi yawan waɗannan da hanya biyu suke zuwa, wasu ma ɗaya. Haɗa waya da akwati ta Bluetooth shi ma hanya biyu kawai yake ɗauka. Wanda ke samun cikakken 5.1 shi ne mai kallon wasu tashoshin tauraron ɗan'adam masu tsada, ko mai faifan DVD na asali, ko mai kallon Netflix, wanda kyakkyawan hotonsa kan ci kusan gigabait 3 na data a sa'a guda. Ma'aikaci ya yi wa kansa lissafin abin da wannan zai ci a wata.

Akwai hanyar gane gaskiyar akwati ba tare da an tambayi mai kanti ba. A juya bayansa. Idan ba a ga komai ba sai kafa biyu, ja da fara, da wurin memori, to babu ta inda hanyoyi shida za su shiga cikinsa. Sauti ɗaya ne yake maimaitawa a 'ya'yan nan biyar. Akwatin 5.1 na ƙwarai yana da kafar HDMI ko kafar wayar haske, kuma za a ga tambarin Dolby ko DTS a jikinsa da cikin takardarsa. Tambari ma akan buga na jabu, amma rashin kafa ba ya ɓoyuwa.

A bayan akwatin nan dai ake kama ƙarya ta biyu. A gaban kwali za a ga an rubuta, misali, wat 3,000 da manyan haruffa, kusa da su kuma PMPO da ƙanana. Wannan ma'auni ba shi da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne RMS, watau ƙarfin da akwati ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da murya ta dagule ba. In ba a rubuta shi ba, sai a duba 'yar takardar da ke manne kusa da wayar wuta, inda aka nuna abin da akwatin ke sha daga soket. Akwatin da ke shan wat 60 ba shi da inda zai samo wat 3,000 ya ba mai saurare, kamar yadda tulu ba ya zubo ruwan da ya fi wanda aka ɗura masa. Har ila yau kunnen ɗan'adam ba ya bin lissafin wat yadda ake zato. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Saboda haka tsakanin wat 40 da wat 60 babu bambancin da ya isa a yi ciniki a kansa. Wanda ya fi amfani shi ne lambar da ke nuna kaifin lasifika: mai desibel 90 tana ba da ƙarar da mai 87 ke bayarwa da rabin wutar. Ga mai dogaro da batirin sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ke nan: lasifika biyu nagari da amfilifaya madaidaiciya. Kuɗin da masana'anta za ta raba wa akwatunan roba shida, idan aka tara shi a kan biyu na katako masu nauyi, murya takan fito sarai, kuma murya ce kusan dukan abin da ake nema a fim ɗin Hausa da labarai da karatu. Idan hali ya samu daga baya, ta ukun da za a saya ita ce ta tsakiya, domin a tsarin 5.1 ita ke ɗauke da zance, sai wufa, na baya su zo a ƙarshe. Amma mai wannan niyya ya lura tun farko: akwatunan da ake sayarwa a dunƙule sau da yawa 'ya'yansu masu om 3 ko 4 ne da kan waya na musamman, ba sa shiga wata amfilifaya, alhali lasifikar da ake saya ita kaɗai takan zama mai om 6 ko 8. Ranar da uwar dunƙulallen akwati ta ƙone, 'ya'yan sun zama marayu.

Ƙonewar kuwa aba ce mai yiwuwa. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, a kan wannan kogi na Kwara take, amma mazauna karkarar Kebbi sun san wuta ba ta zama kullum, kuma idan ta zo ba kullum take zuwa daidai da bolt 230 da aka ƙayyade wa Nijeriya ba. Ƙaramin janareta ya fi ta hawa da sauka, arhar inbata kuma takan sa lasifika gunji. Don haka kuɗin sitabilaiza a cikin kuɗin sauti ya kamata a lissafa shi tun ranar farko. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, abin da akwati ke sha a sa'a ya zama lissafin da ake yi da gaske.

Zaman Bahindi kusa da iyaka yana ba mai saye zaɓi biyu. Zai iya nufar Jega ko Birnin Kebbi, ko ya aika Kano, inda kaya ke zuwa daga kasuwar Alaba ta Ikko da sauran wurare. Zai kuma iya duban Jumhuriyar Benin, wadda ake shiga ta Lolo zuwa Malanville ko ta Tsamiya zuwa Segbana, inda kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ke isowa. A da an ɗauka cewa kayan ƙetaren iyaka sun fi arha. Amma sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999, ita kuwa Naira an sake ta ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023, ta faɗi ƙwarai, har sefa ta yi wa ɗan Nijeriya tsada. Ga kuɗin kwastan, ga kuma wuyar mayar da kaya idan sun ƙi aiki. Waɗanda suka ga yadda aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba na 2020, Kamba ma sai Afrilu na 2022, sun san mai kanti na iya zama kusa amma isa gare shi ya gagara.

Kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake ce wa Beljiyam, su ne sau da yawa suka fi inganci a kan kuɗi kaɗan, domin lasifika ba ta tsufa da wuri kamar waya. Sai dai a bincika. Kayan Turai da bolt 230 suke aiki, kan wayarsu mai ƙafa biyu kawai za a sauya. Na Amurka bolt 120 ne, na Japan 100, kuma amfilifayar da aka yi wa can idan aka jona ta a nan ba tare da na'urar rage wuta ba, nan take za ta yi hayaƙi. A cire ragar gaba a duba zoben soso da ke kewaye da bakin lasifika, domin shi ne ke fara ruɓewa. A tura tsakiyar a hankali da yatsu. Idan an ji tana gogar wani abu, zaren cikinta ya taɓu. Ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 idan aka taɓa shi a wayoyinta na ɗan lokaci zai sa ta motsa ta yi ƙwas, alamar tana da rai. Ranar gwaji kuma mai saye ya tafi da memorinsa mai muryar wanda ya saba ji, ya roƙi a rage ƙara. Mai kanti yakan ƙure kiɗa ne domin rugugi yana rufe aibi.

Saura ɗakin kansa, wanda gyaransa ba ya cin kuɗi. Falon siminti mai tayil da rufin kwano ba silin yana mayar da sauti ta kowane gefe har magana ta cakuɗe; kafet da labule masu kauri da kujerun katifa sukan yi maganin da sabuwar lasifika ba za ta yi ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara cewa lasifikun gaba su karkata digiri 30 hagu da dama daga inda mai kallo ya fuskanta, na baya kuma tsakanin digiri 100 da 120. A sauƙaƙe, tazarar da ke tsakanin biyun gaba ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujera, kuma su tsaya daidai kunnen wanda ke zaune. A gidan da a tabarma ake kallo, rataye su can kusa da rufi hasara ce. Wufa ba ta da wannan takura, domin kunne ba ya gane inda rugugi mai zurfi ya fito. A ɗora ta a kan kujerar kallo, a kunna, a zagaya ɗaki a duƙe, inda aka ji rugugin ya daidaita can ne mazauninta. Kada dai a manna ta da bangon da maƙwabci ke kwana a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta nuna cewa sa'a 40 a mako a kan desibel 80 ita ce iyakar da kunnen baligi ke ɗauka lafiya, na yara kuwa ƙasa da haka.

A lokacin hunturu ƙura kan cika ramukan iska na amfilifaya, sa'an nan zafin bazara, wanda a wannan yanki kan haura digiri 40, ya same ta a toshe. A riƙa lulluɓe ta idan an kashe, a yaye idan an kunna, a bar mata tazarar tafin hannu daga bango. Wayoyin da suka bi gindin bango kuwa a zura su cikin bututun roba saboda ɓeraye.