Tseren Keken Hawan Dutse: Wasan da Ɗan Gaya da Ɗan Ajingi Za Su Gane da Ido

Duk wanda ya saba tuƙa keke daga Kademi zuwa cikin garin Gaya da damina, ko ya bi burtali daga Toranke zuwa Ajingi da rani, ya san hanya ce ke koya wa mutum keke. Rairayi ya riƙe tayar gaba ya nemi kayar da kai, tsidau ya huda taya, kwazazzabon da ruwan jiya ya yanka ya tare gaba sai an sauka an saɓa keken a kafaɗa. Irin wannan wahalar ce wasu ƙasashe suka mayar wasa, har ana ba da lambar zinariya a kanta a gasar Olamfik.

Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, inda wasu samari irin su Gary Fisher da Joe Breeze suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a garin Durango na Amurka a 1990, kuma Ned Overend ne ya cinye tseren maza. A 1996 wasan ya shiga Olamfik a Atlanta, Bart Brentjens ɗan ƙasar Holan ya ɗauki zinariyar farko ta maza.

Ga yadda ake yi. Ana shata da'ira mai tsawon kimanin kilomita 4 zuwa 6 a cikin daji ko gefen tsauni, a zagaya ta sau da yawa har kimanin awa ɗaya da rabi. Kowa da kowa ake saki lokaci guda, shi ya sa mintunan farko suke da zafi: hanya takan tsuke ta zama ta mutum ɗaya, wanda ya makara a baya kuwa sai ya bi layi ko da ya fi na gabansa ƙarfi. A cikin da'irar akwai hawa mai tsinka numfashi, da gangara a kan saiwoyin itace, da wuraren da aka jibge manyan duwatsu da gangan don a ga wanda zai ratsa bai sa ƙafa ƙasa ba. Wanda aka bari a baya da nisa sosai, alƙalai na cire shi don kada ya tare wa na gaba hanya. Ba a yarda ka canza keke gaba ɗaya ba. In taya ta yi faci ko sarƙa ta tsinke, ko dai ka gyara da hannunka, ko ka lallaɓa, a kai ko a ƙafa, zuwa wurin da aka keɓe wa makanikai, kuma ba a komawa da baya don a isa wurin.

Keken kansa abin kallo ne. Nauyinsa bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba, yana da abin shanye gargada gaba da baya, giya 12, da birki mai aiki da mai irin na babur. Tayar ba ta da roba a ciki; wani ruwa mai danƙo ake zubawa, ƙaya na shiga ya toshe hujin nan take. Masu faci na bakin tasha ba za su so wannan labarin ba. Kuɗin irin wanda manyan 'yan wasa ke hawa yakan haura dala 10,000.

Shekaru da dama Faransa da Suwizalan ne suka riƙe wuyan wasan. Julien Absalon na Faransa ya ci zinariyar Olamfik a 2004 da 2008. Nino Schurter na Suwizalan ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya, tagulla a 2008, azurfa a 2012, zinariya a 2016, ya kuma zama zakaran duniya har sau 10.

Amma tseren da ya fi nuna halin wasan shi ne na Olamfik ɗin Faris, ranar 29 ga Yuli, 2024, a tudun Élancourt. Maza 36 aka saki. Tom Pidcock na Birtaniya, wanda ya ci zinariya a Tokyo, yana kan gaba sai tayarsa ta gaba ta sace. Ya isa wurin gyara, makaniki bai shirya ba, ya tsaya yana kurɓar ruwa yana kallon abokan hamayya na wucewa. Kafin a ɗaura masa wata tayar, Victor Koretzky na Faransa ya ba shi ratar kusan daƙiƙa 40, ga dubban Faransawa na ihu suna zuga nasu. Pidcock ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cim musu. A zagayen ƙarshe, wurin da hanya ta rabu biyu a gindin wata bishiya, ya kutsa ta hagu, kekunan biyu suka gogi juna, ya wuce. Ya ci da daƙiƙa 9, 'yan kallo suka yi masa ihun ba-ma-yi, alƙalai kuwa ba su ga laifi ba.

Wanda ya zo na uku a ranar ɗan Afirka ne, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu. Bayan makonni kaɗan ya zama zakaran duniya a ƙasar Andora. Wannan ba daga sama ya faɗo ba. Afirka ta Kudu ta daɗe tana shirya tseren Cape Epic na kwana takwas tun 2004, ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Pietermaritzburg a 2013, ta kuma fitar da Burry Stander, wanda ya zo na biyar a Landan a 2012 kafin motar haya ta buge shi ya mutu yana atisaye a farkon 2013. Ruwanda ma ta tura Adrien Niyonshuti, wanda ya tsira daga kisan kiyashin 1994, ya yi wannan tsere a Landan.

Mu fa? Sai a 2024 Nijeriya ta fara tura mai tseren keke Olamfik, Ese Ukpeseraye, a tseren kwalta da na cikin fili, kuma keken da ta hau a na cikin filin aro ne daga tawagar Jamus. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda muke.

Kada mu yaudari kanmu. Manomin da ke ɗora buhun gero a bayan kekensa Phoenix ya nufi kasuwar Wudil ranar Juma'a yana da ƙarfin ƙafa da sanin rairayi, amma tsere yana buƙatar horo na shekaru, da abinci, da koyon gangara a guje. Ƙasar Gaya da Ajingi kuma shimfiɗaɗɗiya ce, mai neman hawa na gaske sai ya leƙa duwatsun Dutse da ke maƙwabtaka, ko na Riruwai can kudancin Kano. Sai dai a ganina, cikin dukan nau'o'in tseren keke wannan ne ya fi dacewa da ƙauyukanmu, domin ba ya neman kwalta mai santsi ko ginin biliyoyi, kuma yana raba yara da titin da manyan motoci ke bi. Kekuna masu giya 'yan Kwatano sun cika kasuwannin Kano, yaran makaranta ma na hawansu. Abin da ya rage shi ne a auna da'irar kilomita 4 a bayan gari da izinin masu gonaki bayan an kawar da amfani, a sa hular kwano dole, a samu mai agajin gaggawa da mai riƙe agogo, a rubuta sunan kowa da lokacinsa. Maki na duniya ba ya samuwa sai a tseren da UCI ta yi wa rajista, da lasisin hukumar keke ta ƙasa, kuma hukumar ba za ta san da yaron Toranke ba sai ta ga lokacinsa a rubuce.