Karkatar duniya da agogon buɗa-baki: lissafin da ya shafi Hausawan Fatakwal, Anacha da Enugu

Idan Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya sanar da ganin watan Ramadan, daga Sakkwato har Fatakwal rana guda ake tashi da azumi. Sai dai sanarwar ranar farawa kaɗai ta tsayar. Lokacin ketowar alfijir da na faɗuwar rana kowane gari da nasa, duk da cewa agogo ɗaya Najeriya ke amfani da shi. Ga Hausawan da ke neman halaliyarsu a Diobu ta Fatakwal, ko bakin gadar Anacha, ko kasuwar Gariki ta Enugu, wannan bambanci zai ƙara nauyi a shekaru masu zuwa, kuma tushensa yana can cikin falaki.

Duniya tana kammala kewaya rana cikin kwana 365 da kusan rubu'in kwana, tana gudun kilomita kusan 30 a kowace daƙiƙa. Hanyar tata ta ɗan miƙe kamar ƙwai: a farkon Janairu tana kusantar rana zuwa kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta yi nisa zuwa miliyan 152. Ke nan a tsakiyar hunturu, sa'ad da ake jin ɗumi a Kano, a lokacin ne muka fi kusa da rana. Abin da ke juya yanayi shi ne karkatar duniya, wadda ta jingina da digiri 23.4. A watan Yuni ɓangaren arewa ne ke fuskantar rana, yini ya yi tsawo. A Disamba ya kau da kai, yini ya gajarta. Iya nisan gari daga tsakiyar duniya, iya girman wannan sauyi.

Fatakwal tana kimanin digiri 5 arewa da layin tsakiyar duniya, Anacha da Enugu digiri 6 da 'yan kai, Abuja 9, Kano kuwa 12. Shi ya sa a ƙarshen Yuni yinin Kano ke kai awa 12 da minti 50, na Fatakwal kuma ya tsaya wajen awa 12 da minti 25. A ƙarshen Disamba sai reshe ya juye da mujiya: Kano ta sauka zuwa awa 11 da minti 25, Fatakwal tana da awa 11 da minti 50. Ga kuma batun gabas da yamma. Kowane digiri guda zuwa yamma yana jinkirta rana da minti 4, Fatakwal kuwa tana yamma da Kano da digiri ɗaya da rabi, wato minti 6.

Idan aka haɗa lissafin biyu, ga abin da ke fitowa. A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa a Fatakwal kimanin minti 7 kafin Kano, ta kuma fito a makare. Saboda haka a azumin 2016, wanda ya faɗo a watan Yuni, duk wanda ya bi jadawalin Kano yana Fatakwal bai yi asarar komai ba face ɗan ƙarin haƙuri. A ƙarshen Disamba kuwa, bayan an kira magariba a Kano, rana na nan a sama a Fatakwal har kusan minti 19, a Anacha wajen 17, a Enugu 14, a Abuja ma kusan 9. Da asuba kuma hantsin Fatakwal yana riga na Kano da 'yan mintoci. Mai bin jadawalin gida zai sha ruwa da sauran rana, ya kuma makara a sahur.

Can kuwa azumin ya dosa. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka Ramadan yake ja da baya har ya zagaye yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. A 2025 an fara shi ranar 1 ga Maris, lokacin da tsawon yini ya kusa daidaita a ko'ina. Bisa lissafi, a 2030 zai zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, a 2031 kuma a tsakiyar Disamba.

Duban sama ba kullum yake warware matsalar a kudu ba. Gajimare yakan rufe mafaɗar rana, ga ƙurar hunturu, ga baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016. Dole a dogara da agogo, kuma hoton jadawalin da ɗan'uwa ya turo ta WhatsApp daga Arewa na garin da aka tsara shi ne kawai.

A sauran duniyoyi lamarin ya fi haka nisa. Mars ta karkata da digiri 25, amma shekararta kwana 687 ce. Uranus kusan kwance take, da digiri 98, har ƙuryarta kan yi shekara 42 cikin haske, 42 cikin duhu. Zara matar wata kuwa tana ɗaukar kwana 243 kafin ta juya sau ɗaya, alhali kwana 225 ke isar ta ta kewaya rana. Namu saɓanin na mintoci ne, kuma ana iya lissafa shi daidai tun kafin shekara ta kama.

Masu wannan ilimi ba su da nisa. Cibiyar nazarin kimiyyar sararin samaniya ta hukumar NASRDA tana Nsukka, cikin jihar Enugu, garin da marigayi Farfesa Samuel Okoye ya koyar da ilimin taurari. Kwamitocin masallatai da sarakunan Hausawa na waɗannan birane za su iya neman jadawalin da aka gina kan wurin zamansu, a liƙa a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa kudu, ko hadimin da ya bi maigidansa rangadi cikin azumi, shi ma ya tabbatar da garin da manhajar wayarsa ke lissafi da shi, sa'annan ya saurari ladanin unguwar da ya sauka.