Strasbourg: Harshe da Mulki a Wani Birnin Kan Iyaka

Birnin Strasbourg yana gabashin ƙasar Faransa, cikin lardin Alsas, kusa da kogin Rayin wanda ya raba Faransa da Jamus. Tun shekarar 2017 jirgin ƙasa na cikin gari yakan ɗauki mutum daga tsakiyar birnin ya ƙetare gada da shi zuwa Kehl, garin Jamusawa, cikin 'yan mintoci. Masu yawon buɗe ido sukan yaba wa birnin saboda yadda al'adun Faransawa da na Jamusawa suka gauraya a cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba gaurayar ta fuskar harshe, ta kuma nuna cewa harshen da ya fi jin jiki a cikinta shi ne na 'yan garin kansu, watau Alsasanci.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne allunan sunayen tituna. A tsohon gari, tun cikin shekarun 1990, alluna da yawa suna ɗauke da suna biyu: na Faransanci a sama, na Alsasanci a ƙasa. Sau da yawa ɗayan ba fassarar ɗayan ba ne. Titin da Faransanci ya kira Grand'Rue, watau "babban titi", Alsasanci Langstross yake ce masa, "dogon titi". Shi kansa birnin suna uku gare shi: Strasbourg a Faransanci, Straßburg a Jamusanci, Strossburi a bakin 'yan gari, kuma duka ukun ma'anarsu ɗaya, "birnin hanyoyi". Alsasanci kuwa karin harshe ne na dangin Jamusanci, ya fi kusa da karin da ake yi a kudu maso yammacin Jamus da ƙasar Suwizalan.

Rantsuwar Shekarar 842

Ga mai nazarin harshe, muhimmin abin da ya taɓa faruwa a wannan birni ya faru ne ranar 14 ga Fabrairu, 842. A ranar ne jikokin sarki Charlemagne biyu, Louis da Charles, suka haɗu da rundunoninsu suka yi wa juna rantsuwar amana a kan wansu Lothair. Sojojin Louis mutanen gabas ne masu magana da tsohon Jamusanci, sojojin Charles kuwa mutanen yamma ne masu wani harshe da ya tsiro daga Latin. Sai Louis ya yi tasa rantsuwar da harshen mutanen Charles, shi kuma Charles ya yi tasa da harshen mutanen Louis, domin kowace runduna ta ji da kunnenta abin da sarkin ɗaya ɓangaren ya ɗaukar wa kansa. Sa'an nan kowace runduna ta yi rantsuwa da nata harshen.

A zamanin, Latin aka fi yin rubutu da shi. Amma Nithard, wanda ya rubuta tarihin wannan rikici da Latin, bai fassara rantsuwar ba, ya kawo ta yadda aka furta ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, rantsuwa lafazinta shi ne ita. Ta haka aka sami rubutun da masana suke ɗauka a matsayin mafi daɗewa cikin harshen da ya zama Faransanci, kuma yana gefe ɗaya da takwaransa na Jamusanci. Abin lura a nan shi ne, sarakunan ne suka bi harshen talakawa, ba su nemi talakawa su bi nasu ba. Masu mulkin da suka biyo baya a wannan birni ba su cika yin haka ba.

Daga Birni Mai Cin Gashin Kansa Zuwa Ƙarƙashin Faransa

Daga 1262 Strasbourg ya zama birni mai cin gashin kansa cikin daular Jamusawa. A nan Gutenberg ya zauna wajen shekarun 1434 zuwa 1444, a nan Johannes Mentelin ya buga Baibul na farko da Jamusanci a 1466, a nan kuma Johann Carolus ya fara fitar da abin da ake ɗauka jarida ta farko da aka buga a 1605. Hasumiyar babbar majami'ar birnin, mai tsawon mita 142, an kammala ta a 1439.

Sarkin Faransa Louis na 14 ya kama birnin a 1681, amma harshen kasuwa da na gida bai motsa ba. Sa'ad da Goethe ya zo karatun shari'a a 1770, birnin na sarkin Faransa ne, mutanensa kuwa da karin Jamusanci suke magana. Juyin juya halin Faransa ne ya fara haɗa harshe da kishin ƙasa. A nan Rouget de Lisle ya tsara waƙar da ta zama taken ƙasar Faransa a 1792, a shekarar da ta biyo kuma wakilan gwamnati suka buƙaci matan birnin su bar suturar Jamusawa.

Canji Huɗu Cikin Rayuwa Ɗaya

Mutumin Strasbourg da aka haifa a 1865, in ya kai shekara 80, ya canja ƙasa sau huɗu bai bar unguwarsu ba: Jamus a 1871, Faransa a 1918, Jamus a 1940, Faransa kuma a 1944. Kowane canji yakan zo da sabon harshen makaranta da na kotu da na allon titi. Dandalin da a yau ake kira Place de la République, Jamusawa ne suka gina shi bayan 1871 da sunan Kaiserplatz, dandalin sarki, a 1940 kuma aka sa masa sunan Bismarck. Unguwar da ke kewaye da shi, Neustadt, ginin Jamusawa ce, kuma a 2017 UNESCO ta haɗa ta da tsohon gari cikin wuraren tarihi na duniya.

Mulkin 'yan Nazi daga 1940 zuwa 1944 shi ya fi tsanani. An haramta Faransanci, an tilasta wa mutane su mai da sunayensu na Jamusanci, har hular nan ta Faransawa aka hana sawa. Daga 1942 aka tusa samari kimanin 130,000 daga Alsas da maƙwabciyarta Moselle cikin sojan Jamus ala tilas, dubbai daga cikinsu ba su dawo ba.

To, da yaƙi ya ƙare sai laifin ya faɗa kan harshen da bai ci nanin ba. Alsasanci yana kama da harshen abokan gaba a kunnen sauran Faransawa, saboda haka ya zama abin kunya. An cire Jamusanci daga makarantun firamare na tsawon shekaru, aka riƙa baza sanarwa cewa yin Faransanci shi ne wayewa. Wannan ne ya yi abin da dokokin baya suka kasa. Doka tana iya hana harshe a makaranta, amma a wannan karon iyaye ne da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu shi a gida, don suna ganin zai hana su ci gaba. Wani bincike da ofishin kula da harshe da al'adun Alsas ya sa aka yi a 2012 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na mutanen lardin suna iya Alsasanci: kashi 74 cikin waɗanda suka kai shekara 60, amma kashi 3 kacal cikin yara 'yan shekara 3 zuwa 17.

Aro Tsakanin Harsunan

Duk da haka, zaman tare ya bar alamu masu ban sha'awa. Alsasanci ya ari gaisuwar Faransanci bonjour ya mai da ita buschur, ya ari parapluie, laima, ya mai da ita barabli, sunan da Germain Muller ya sa wa gidan wasan barkwancinsa na Alsasanci a 1946. Aron da ya bi ta ɗaya hanyar ya ma fi armashi. Abincin da aka fi sanin lardin da shi, kabejin da aka tsima, sunansa sürkrüt, daga sür "mai tsami" da krüt "kabeji". Da Faransawa suka ji kalmar sai suka yi mata gyaran kunne ta koma choucroute, domin chou shi ne kabeji a harshensu. Gaɓar da ke nufin tsami ta zama kabeji, wadda ke nufin kabeji kuma ta zama croûte, ɓawon burodi.

Tun farkon shekarun 1990 akwai azuzuwa masu koyarwa da harshe biyu a Alsas, sai dai mafi yawansu daidaitaccen Jamusanci suke koyarwa tare da Faransanci. Masu goyon bayan haka suna cewa Jamusanci shi ne rubutacciyar sigar karin tun asali, kuma shi ke samar da aiki a hayin kogi. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma yaron da ya koyi Jamusancin makaranta ba lalle ya iya hira da kakarsa ba.

Strasbourg shi ne mazaunin Majalisar Ƙasashen Turai da aka kafa a 1949, wadda daban take da Tarayyar Turai, ko da yake majalisar dokokin Tarayyar ma a nan take zama. Wannan majalisa ta 1949 ce ta fitar da yarjejeniyar kare ƙananan harsuna a 1992. Faransa ta sa hannu a 1999, amma a shekarar kotun tsarin mulkinta ta yanke cewa yarjejeniyar ta saɓa wa tsarin mulki, wanda ya ce harshen Jamhuriya shi ne Faransanci. Da aka sake kawo batun a 2015, majalisar dattawa ta ƙi amincewa.